TARIHIN ISA YUSUF ALPTEKIN, MADUGUN AYARIN DA YA ƘETARE DUWATSUN ƘANƘARA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, in Allah Ya taɓa kai ka Makka ko Madina, da wuya a ce ba ka ci shinkafar nan da ake kira Bukhari ba, ko kuwa ba ka ga waɗansu mutane farare masu ƙananan idanu suna tsaron kantuna suna Larabci kamar 'yan ƙasa ba. Larabawa na kiransu Bukhariyyawa ko Turkistanawa. Da yawansu jikokin waɗanda suka gudo ne daga mulkin gurguzu, waɗansu daga hannun Rasha, waɗansu daga hannun Sin. To, yau ga tarihin ɗaya daga cikin manyan mutanen nan, wanda ya fito da iyalinsa da ɗaruruwan jama'a ta hanyar da ko fatake ba su cika binta ba in sanyi ya shigo. Sunansa Isa Yusuf Alptekin, mutanensa kuwa suna ce masa Isa Beg.

ƘASARSA DA HAIHUWARSA

Turkistan ƙasa ce mai faɗi a tsakiyar Asiya, kuma ta kasu biyu. Ta yamma ita ce ƙasar Imamul Bukhari da Imamut Tirmizi, wadda Rasha ta mamaye. Ta gabas kuwa Sinawa ne suka riƙe ta, suka mai da ita lardi a 1884, suka sa mata suna Shinjiyang, wato sabon yanki. Girmanta ya kusa ninka na Nijeriya. Mafi yawan mutanenta a wancan lokaci 'yan ƙabilar Uigur ne, sai Kazak da Kirgiz, dukkansu Musulmi. Musulunci ya kafu a wurin tun ƙarni na 10, lokacin da sarki Satuk Bugra Khan ya musulunta. Daga birninsu na Kashgar ne Mahmud al-Kashgari ya fito, wanda ya rubuta ƙamusun nan Diwanu Lugatit Turk a ƙarni na 11 domin koya wa Larabawa Turkanci. Kuma da haruffan Larabci suke rubuta harshensu, kamar dai yadda muke rubuta ajami.

An haifi Isa a 1901 a garin Yangi Hisar, kudu da Kashgar. Mahaifinsa Yusuf Beg mai muƙami ne a garin. Yaron ya fara da karatun addini a wajen malaman garinsu, sa'an nan aka sa shi makarantar hukuma inda ya koyi Sinanci. Wannan harshe shi ya buɗe masa ƙofar aikin gwamnati, shi ne kuma daga baya ya jawo masa zargi, kamar yadda za ka ji.

ABIN DA YA GANI A ANDIJAN

A 1926 aka tura shi aiki ƙaramin ofishin jakadancin Sin da ke Andijan, cikin Turkistan ta yamma, wadda a lokacin take ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Ya yi kimanin shekara shida a can. Ka riƙe waɗannan shekaru da kyau, domin in ba ka fahimce su ba, ba za ka gane abin da ya sa ya ɗauki ƙananan yara ya shiga da su cikin ƙanƙara ba.

A gaban idonsa aka rufe madarisu da kotunan shari'a, aka ƙwace dukiyar waƙafi wadda da ita ake ciyar da malamai da almajirai. A 1927 aka fara gangamin tilasta wa mata cire lulluɓi. Aka soke rubutu da haruffan Larabci aka kawo na boko, ta yadda yaro zai tashi bai iya karanta wasiƙar kakansa ba, balle littafinsa. Daga 1929 aka shiga ƙwace gonaki da dabbobi ana haɗa su a gandun hukuma, abin da ya jawo yunwar da ta kashe Kazak fiye da miliyan ɗaya. Malamai kuwa, wanda ba a ɗaure ba an kore shi, wanda ya sami hanya ya tsallaka Afganistan ko Kashgar. Isa ya yi hulɗa da masu ilmin wurin, cikinsu har da sha'irin nan Colpan, wanda aka harbe a 1938.

Gani ya kori ji. Daga nan ya kafe a kan ra'ayi ɗaya har ya mutu: duk wani alheri da zai zo ta hannun 'yan gurguzu, to akwai ƙugiya a cikinsa.

TSAKANIN WUTA BIYU

A 1932 ya tafi Nanjin, babban birnin Sin na wancan zamani, inda gwamnatin Ciyang Kai-shek take, wadda ke gaba da 'yan gurguzu. A can yake lokacin da mutanen Kashgar suka ayyana jamhuriyarsu a Nuwamba 1933, wadda ba ta yi ko wata huɗu ba ta rushe. Lardin ya faɗa hannun wani janar mai suna Sheng Shicai, wanda ya jingina da Rasha ya yi mulki daga 1933 zuwa 1944, ya cika kurkuku da malamai da attajirai da shugabanni.

Shi Isa sai ya zaɓi hanyar alƙalami da majalisa. Ya fitar da mujallu, ya zama ɗan majalisar dokokin Sin, yana neman a bar mutanensa su riƙe harkokinsu da kansu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan, ya zagaya ƙasashen Musulmi daga 1938, ya je Indiya da Hijaz da Masar da Turkiyya da Afganistan. A Kabul ya haɗu da Muhammad Amin Bugra, malami daga Hotan wanda ya jagoranci tawayen 1933, aka kashe ƙannensa biyu, shi kuma ya tsere. Su biyu da wani likita mai suna Mas'ud Sabri suka zama abokan tafiya, har ana kiransu Afandai Uku.

A nan dole in gaya maka gaskiya, domin tarihi ba kirari ba ne. Ba dukkan mutanensa ne suka yarda da shi ba. A 1944 mutanen yankin Ili, a arewa, suka yi tawaye suka kafa jamhuriya ta biyu da taimakon Rasha. Isa ya ƙi goyon bayansu saboda abin da ya gani a Andijan. Su kuma suka ce shi yaron Sinawa ne, yana cin albashin waɗanda suka danne ƙasarsa. Kowane ɓangare ya jingina da wani babban bango yana fatan kada ya faɗo masa. A 1945 Afandan suka koma Urumci, hedkwatar lardin. A 1947 aka naɗa Mas'ud Sabri shugaban gwamnatin lardi, Isa ya zama babban sakatare. Muƙamin yana da suna, amma bindiga tana hannun janarorin Sin.

A 1949 bangayen biyu suka faɗo. Sojojin Mao Tsetung suka ci ƙarfin Ciyang Kai-shek. A watan Agusta shugabannin Ili suka hau jirgin sama za su taro a Beijin, daga baya aka ba da sanarwar cewa jirgin ya faɗi a ƙasar Rasha, babu wanda ya tsira. A ƙarshen Satumba kwamandan sojojin lardin da shugaban gwamnatinsa suka miƙa wuya ga 'yan gurguzu ba tare da yaƙi ba.

FITA DAGA URUMCI

To, ɗan'uwa, sa kanka a matsayin mutumin nan. Shekararka 48, kana da mata da ƙananan yara. Ka yi shekaru kana sukar gurguzu a rubuce da sunanka. In ka zauna, ka san makomarka. In za ka fita, ta ina? Gabas sojojin Mao ne ke tahowa. Arewa da yamma Tarayyar Sobiyet ce. Saura kudu kaɗai, kudu kuwa duwatsun Karakoram ne, ga shi kuma sanyi ya ƙarato.

Mas'ud Sabri ya zauna. Isa da Muhammad Amin Bugra suka yanke shawarar fita. A 20 ga Satumba 1949 Isa ya bar Urumci, wata ɗaya cif kafin sojojin gurguzu su shiga birnin. Daga Urumci zuwa Kashgar kusan kilomita 1,500 ne a gefen hamadar Taklamakan. Suna tafe jama'a na ƙaruwa: ma'aikata, malamai, ɗalibai, 'yan kasuwa, da matansu da 'ya'yansu. Da suka kai gindin duwatsu mota ta ƙare, sai doki da jaki da raƙumi da ƙafa. Waɗanda suka kama hanyar Ladak mutum 852 ne.

Bari in kwatanta maka hanyar. Tsohuwar hanyar fatake ce tsakanin Yarkand da garin Leh na Ladak. Tana bi ta mashigai da dama, babbansu shi ne mashigin Karakoram mai tsawon mita 5,540 daga teku. A irin wannan tudu iskar shaƙa kusan rabin ta ƙasa ce, mutum ya yi taku goma sai ya tsaya yana haki, kai na sara, zuciya na tashi. Akan yi kwanaki ba a ga itacen da za a hura wuta ba, ba ciyawar da dabba za ta ci, ba gida ko ɗaya. Matafiyan da suka bi ta tun da can sun ce ba a ɓata a kanta, domin ƙasusuwan dabbobin da suka mutu su ne alamar hanya. Fatake ƙarfafa da suka saba da ita da rani suke binta. Su kuwa waɗannan bayin Allah sun shige ta da tsofaffi da mata da goyo, a Nuwamba.

Abin da sanyin wurin ke yi, mu da muka san hunturu kawai ba za mu gane shi sosai ba. Yatsa yakan daskare har mutum ya daina jin sa, ya yi fari, sa'an nan ya yi baƙi, daga nan ba magani sai yankewa. Dabba in ta durƙusa ba ta tashi, kayan da ke bayanta kuwa sai a bar su nan, ko da guzuri ne. Wanda ya cika a hanya, ƙasa ta ƙi haƙuwa saboda tauri, sai a yi masa salla a jera masa duwatsu a wuce, domin tsayawa ma halaka ce.

A watan Disamba 1949 ayarin ya isa Ladak. Da aka ƙirga, mutum 798 ne. Wato 54 sun kwanta a hanya. Cikin waɗanda suka iso akwai da dama da aka yanke wa yatsun hannu ko na ƙafa. Gidan madugun ma bai kuɓuta ba. Ƙaramar 'yarsa ta rasu saboda illar da sanyin ya yi mata, ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza ya rasa yatsun ƙafa. Ɗansa Erkin kuwa yana da shekara 10 ya ƙetare duwatsun nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada ka yi gaggawar cewa da sun sani da sun zauna. Dubi abin da ya sami waɗanda suka zauna. An kama Mas'ud Sabri a 1951, ya mutu a tsare a 1952. Usman Batur, jagoran Kazak da ya ci gaba da yaƙi, an harbe shi a Urumci a Afrilu 1951. Kowace hanya akwai kabari a kanta, sai dai ɗaya tana da ƙofa a ƙarshe.

DUTSE NA BIYU: TAKARDA

Mai karatu zai zaci da an isa Kashmir wahala ta ƙare. Ina! Hijira ƙofa biyu gare ta, ta fita da ta shiga, kuma sau da yawa ta biyun ta fi wuyar buɗewa. An kai su Srinagar, suka zauna zaman jira. Fasfon da ke hannun waɗansunsu na gwamnatin da ta riga ta faɗi ne, mafi yawa ma ba su da ko ɗaya. Indiya ba ta daɗe da samun 'yanci ba, tana fama da miliyoyin 'yan gudun hijirar rabuwarta da Pakistan a 1947, ita kanta Kashmir ba a cika shekara da tsagaita wuta a cikinta ba. Daɗin daɗawa, a 30 ga Disamba 1949, wato cikin watan da suka iso, Indiya ta amince da gwamnatin Mao, Pakistan ta bi bayanta a Janairu 1950. Ba wanda ke son ɓata wa sabon maƙwabci rai saboda baƙi 'yan ɗaruruwa.

Ana cikin haka sai ga waɗansu sun ƙaru. A 1951 Kazak da suka biyo ta hamada da tudun Tibet, ƙarƙashin shugabanni irin su Alibek Hakim, suka iso Kashmir su 'yan ɗaruruwa, bayan sun bar mafi yawan 'yan'uwansu da dabbobinsu a hanya.

Nan ne aikin Isa na gaskiya ya fara. Mutumin da jiya yake sakataren gwamnati, yau ya zama mai bin ofisoshi da takardar roƙo. Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka ya bar iyali a Kashmir ya tafi Saudiyya, ya tafi Masar. Waɗansu daga cikin mutanensa sun sami shiga Hijaz suka zauna wajen 'yan'uwansu, amma bai sami ƙasar da za ta karɓi jama'ar a dunƙule ba. A farkon 1952 ya isa Turkiyya, inda Muhammad Amin Bugra ya riga shi zuwa, suka haɗa ƙarfi.

Me ya sa Turkiyya ta saurare su? Akwai dangantakar harshe da addini, wannan gaskiya ne. Amma akwai siyasa kuma. Sojojin Turkiyya suna Koriya tun 1950 suna yaƙi da sojojin Mao, kuma a Fabrairu 1952 ƙasar ta shiga ƙawancen tsaro na NATO. Ba ta da wata hulɗa da Beijin da za ta ji tsoron lalacewarta. A 13 ga Maris 1952 majalisar ministocin Adnan Menderes ta yarda a karɓi mutum 1,850 daga Turkistan ta gabas, a zaunar da su, a ba su matsuguni. Aka riƙa kwaso su rukuni-rukuni, aka sauke su a yankunan Manisa da Konya da Nigde da Kayseri. Daga baya da yawansu suka taru a unguwar Zeytinburnu ta Istanbul suka kama sana'ar fata. Shi kansa Isa bai kwashe iyalinsa ya tare a Turkiyya ba sai 1954. Tun fitarsa daga Urumci, shekara biyar ke nan iyalin suna kan hanya.

SAURAN RAYUWARSA

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa. Isa bai sake taka ƙasarsa ba. A 1955 Sin ta ba lardin sunan yanki mai cin gashin kansa na Uigur, amma iko yana hannun jam'iyya. Abin da ya gani a Andijan ya maimaitu: aka ƙwace filaye, aka sauya haruffan rubutu zuwa na boko har sai 1982 da aka dawo da na Larabci, a zamanin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 kuma aka rufe masallatai aka ƙona littattafai. A 1962 mutum kimanin 60,000 suka tsallaka daga Ili da kewaye zuwa Tarayyar Sobiyet, ƙasar da shi ya guje mata. Ka ga inda matsi ke kai mutum.

A 1960 ya kafa ƙungiyar masu hijirar Turkistan ta gabas a Istanbul. Bayan rasuwar Muhammad Amin Bugra a Ankara a 1965, nauyin ya koma kansa. Ya halarci tarukan Musulmi a Makka da sauran wurare, ya rubuta littattafai, ya buga tarihin rayuwarsa a 1985. Mutumin da a da yake neman cin gashin kai a ƙarƙashin Sin, yanzu ya zama muryar masu neman a san cewa akwai wata al'umma a bayan duwatsun nan. Sau da yawa akan tarbe shi da girmamawa, a sha shayi, a yi addu'a, a sallame shi hannu wofi. Bai fasa komawa ba. Har bayan da ya yi haɗarin mota a 1978, idanunsa suka tafi, jagora ke riƙe masa hannu zuwa wajen taro.

A 1995 aka sa wa wani ɗan lambu sunansa a unguwar Sultan Ahmad ta Istanbul, kusa da babban masallacin nan. A 17 ga Disamba na shekarar Allah Ya yi masa rasuwa yana da shekara 94, aka binne shi a maƙabartar Topkapi. Ɗansa Erkin, yaron nan da ya ƙetare Karakoram, shi ya zama shugaban farko na majalisar Uigur ta duniya a 2004.

ABIN LURA

Ya ɗan'uwa, in aka auna rayuwar mutumin nan da mizanin 'yan siyasa, sai a ce ya faɗi. Bai 'yanto ko ƙauye ɗaya ba. Gwamnatin da ya dogara da ita ta gudu Taiwan ta bar shi. Maganar ko shi ke da gaskiya ko mutanen Ili, har yau 'yan ƙasarsa ba su gama ta ba. Amma akwai wani mizanin. Mutum 798 sun sauko daga duwatsu, mutum 1,850 sun sami takardar zama, kuma jikokinsu suna raye suna salla a fili, suna koya wa 'ya'yansu harshensu. Shi da ya binne 'yarsa a ƙasar baƙunci yana da uzurin da zai rufe ƙofa ya yi ta kansa da sauran iyalinsa. Bai yi ba. Ya ɗauki tsirarsa a matsayin bashi, ya shekara 46 yana biya.

Kuma maganar ba ta zama tsohon labari ba. Daga 2017 rahotanni suka yawaita na tsare Uigur masu ɗimbin yawa a sansanoni, da karɓe fasfo, da iyalan da aka raba, uba a Istanbul, 'ya'ya a Kashgar, ba waya ba wasiƙa. Gwamnatin Sin ta ce makarantun koyon sana'a ne domin yaƙi da ta'addanci. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, a rahotonsa na Agusta 2022, ya ce abin da aka yi yana iya kaiwa ga laifin cin zarafin bil'adama. A 1949 duwatsu ne suka tsare hanya, kuma duk da haka an ƙetare su. Waɗanda aka karɓe wa fasfo ba su da ko hanyar dutsen.

Saboda haka in ka ga baƙon da tashin hankali ya koro, ko daga ina yake, kada ka tsaya tambayar me ya sa bai zauna gida ba. Ba ka san mutum nawa ya jera wa duwatsu a hanya ba. Kuma in Allah Ya kai ka Makka ka zauna cin shinkafar Bukhari, ka dubi fuskar mai zuba maka, ka yi masa sallama ta musamman.

Allah Ya jiƙan Isa Yusuf, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan 'yarsa da mutum 54 da suka kwanta a Karakoram. Allah Ya haɗa duk iyalin da aka raba, Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.